Zauren Yanayi: Mutumin da Ya Ce wa Janar Ya Dakata

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru mini a wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato yadda yaƙi ya haɗu da aikinmu na hasashen yanayi. Na tsinci shida daga ciki. Waɗanda suka yi tambaya a kan ƙanƙarar da ke kwantar da kayan lambu su ƙara haƙuri, tasu tana fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Baba, ina karanta labarin ƙasa a jami'a. Wani malaminmu ya ce a Yaƙin Duniya na Biyu an ɗage wani babban farmaki da kwana ɗaya saboda maganar masanin yanayi. Wane ne mutumin, kuma yaya aka yi manyan janar-janar suka saurare shi?
Daga wani ɗalibi, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Ɗana, malaminku gaskiya ya faɗa. Sunan mutumin James Stagg, ɗan Sikotilan, an haife shi a 1900 kusa da birnin Edinbara. Asalinsa ma ba mai hasashen yau da gobe ba ne. Da koyar da kimiyya a makaranta ya fara, ya shiga hukumar yanayi ta Birtaniya a 1924, kuma ƙarfin bincikensa a kan maganaɗisun ƙasa yake. Shi ya jagoranci tawagar Birtaniya zuwa Fort Rae a arewacin Kanada daga 1932 zuwa 1933, suka shekara cikin ƙanƙara suna awo. A 1943 aka sa masa kakin sojan sama, ya zama babban mai ba da shawara kan yanayi ga rundunar ƙawance da Janar Eisenhower na Amurka ya jagoranta.

Farmakin kuwa shi ne ƙetare ruwan da ya raba Ingila da Faransa a sauka gaɓar Nomandi, inda sojojin Hitila suka ja daga. Kowane ɓangaren soja da irin sararin da yake so. Sojojin laima suna son farin wata don su ga inda za su dira. Na ruwa suna son teku ta janye da asuba, a ga ƙarafa da nakiyoyin da Jamusawa suka dasa a bakin gaɓa, kuma kada iska ta tayar da igiyar da za ta kifar da ƙananan jirage. Matuƙan jiragen sama ba sa son gajimare ya sauko. Wata da teku ana iya lissafa su tun da shekaru, lissafin kuma ya ba da ranakun 5, 6 da 7 ga Yuni 1944. Iska da gajimare ne ba sa shiga kalanda, su ne aka ɗora wa Stagg.

Ofisoshi uku ne ke yin hasashen, suna haɗuwa ta wayar tarho ta sirri, a yi ta musu har dare ya raba. Akwai na sojan ruwan Birtaniya. Akwai na hukumar yanayi a garin Dunstable, inda C.K.M. Douglas da Sverre Petterssen suke. Sai na sojan saman Amurka, inda Irving Krick ya fi kowa ɗaga murya. Hanyar Krick ita ce ya ɗauko tsofaffin taswirorin shekarun baya, ya nemo ranar da ta yi kama da ta yau, ya ce abin da ya biyo waccan shi zai biyo wannan. Da haka ya kafe cewa ranar 5 lafiya lau ce. Petterssen kuwa, ɗan Nowe, ɗan gidan masunta da ya koyi aiki a birnin Bergen na ƙasarsu, iskar can sama yake bi, wadda ke jan ragamar hadarin da ke ƙasa. Shi da Douglas suka ce a'a, jerin hadari ne ke tahowa daga tekun Atalantika, wani na bin wani. Aikin Stagg shi ne ya fitar da magana ɗaya daga wannan saɓani, ya shiga ɗaki ya faɗa wa janar-janar da bakinsa.

Ka tuna ba su da tauraron ɗan'adam, ba su da kwamfuta. Abin da ke hannunsu shi ne rahoton jiragen ruwa, da na jiragen sama masu leƙen yanayi, da na 'yan tashoshin da ke bakin teku. Ɗaya daga cikin tashoshin nan ita ce Blacksod, a can ƙuryar yammacin Ailan, ƙasar da ba ta shiga yaƙin ba amma tana aika wa Birtaniya rahoton yanayi. Da ƙarfe ɗaya na dare, wayewar garin 3 ga Yuni, wata yarinya ma'aikaciyar gidan waya mai suna Maureen Flavin ta karanta baromita, wato ma'aunin matsin iska, ta ga matsin yana faɗuwa da sauri. Ranar ce ta cika shekara 21. Ta aika da lambobin kamar kullum. Daga Ingila aka bugo waya ana cewa a sake dubawa, aka duba, haka yake. Sai bayan shekaru fiye da goma ta san abin da awon nata ya taɓa. Majalisar wakilan Amurka ta karrama ta a 2021, ta rasu a 2023 tana da shekara 100.

Wurin da nake so ka tsaya ka yi tunani shi ne asubahin Lahadi 4 ga Yuni. A lokacin sararin kudancin Ingila garau yake, ba iska. Wasu jiragen ma sun riga sun kama hanya. A haka Stagg ya tsaya gaban Eisenhower da Janar Montgomery na Birtaniya ya ce gobe ba za ta yi kyau ba. Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin yanayi na filin jirgi ya san nauyin wannan. Matuƙi zai shigo da jakarsa, fasinjoji suna zaune, ya leƙa taga ya ga rana tangararan, kai kuma kana gaya masa hadari ya taso daga gabas, zai tare masa hanya nan da awa biyu. Yana kallonka, kana kallon takardarka, kuma kun san ba shi da wata hujja sai maganarka. Eisenhower ya yarda, aka maido da jiragen.

Da daren wannan Lahadin hadarin ya iso, ruwa da iska suna dukan tagogin hedikwatar da ke kusa da Portsmouth. A cikin wannan ruwan Stagg ya sake shigowa, wannan karon da akasin abin da ido ke gani. Rahotannin teku sun nuna matsin iska ya fara hawa a bayan hadarin, ya ce za a samu ɗan sarari ranar Talata, ba mai kyau sosai ba, amma wanda za a iya ratsawa. Da asubahin 5 ga wata Eisenhower ya ba da umarnin ƙarshe. Ranar 6 ga Yuni sojoji kimanin 156,000 suka sauka Nomandi. Teku ba ta kwanta ba, amai ya galabaitar da sojoji da yawa, tankokin yaƙi masu iyo da dama suka nutse kafin su kai gaɓa. Amma da an jira zagayowar teku ta gaba, wato 18 zuwa 20 ga Yuni, da an faɗa cikin guguwar da ta taso ranar 19, wadda ta kwana uku tana ɓarna har ta wargaza tashar jiragen ruwa ta wucin gadi da Amurkawa suka kafa.

Jamusawa fa? Su an toshe musu idon yamma. An kame jiragensu masu awo a teku, an kore su daga tashoshin Girinlan ɗaya bayan ɗaya, har ta kai a 1943 sun lallaɓa da jirgin ƙarƙashin ruwa sun dasa na'urar awo mai aiki da kanta a gaɓar Labrador ta Kanada. Sun ga hadarin, ba su ba wa ɗan sararin da ke bayansa muhimmanci ba. Kwamandansu Rommel ya tafi gida Jamus bikin ranar haihuwar matarsa, wadda ta faɗo daidai 6 ga Yuni.

Bayan yaƙi Stagg ya cire kaki ya koma hukumarsa har ya yi ritaya a 1960, ya rasu a 1975. Petterssen ya koma Jami'ar Shikago a 1952, ya ci gaba da binciken yadda hadari ke ƙulluwa. Ana ta gardama har yau a kan wane ofishi ne ya fi cancantar yabo. Ni dai abin da nake girmamawa ga Stagg shi ne bai ɓoye wa Eisenhower cewa masanansa sun rabu ba idan aka tambaye shi, kuma bai ƙara wa maganarsa tabbacin da ba ta da shi ba don ya faranta wa manya rai.

TAMBAYA: Malam, mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi yaƙin Bama. Yakan ce kafin a kwashe su jiragen yaƙi sun cika Kano, har yara sun daina gudu idan sun ji ƙara. Me ya kawo su, alhali ba a nan ake yaƙin ba?
Daga wani dattijo, Gangare, Jos.

AMSA: Amin, Alhaji, Allah ya kai haske kabarinsa. Abin da ya gani hanyar Takoradi ce. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, tekun Bahar Rum ta zama haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya, ga shi kuma tana bukatar jiragen yaƙi a Masar. Sai aka riƙa kawo su a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar da yau ake kira Ghana, a harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ita ce Injamena, su ratsa Darfur zuwa Hartum, su bi Kogin Nilu har Alƙahira. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, kuma jirage fiye da 5,000 ne suka bi hanyar. Abin da ya buɗe ta shi ne gwamnan Cadi, Félix Éboué, wanda ya goyi bayan Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a Agusta 1940.

A wannan hanya babban abokin gaba sararin samaniya ne. Da damina hadarin gabas, da hunturu hazo. Ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, man da ke cikinsa ƙididdigagge ne, ya iso Kano ya tarar ba a ganin titin sauka, ina zai nufa? Dole aka ƙara tashoshin awo, aka zauna aka fara karatun iskar ƙasar nan da gaske. Daga wannan aiki ne R.A. Hamilton da J.W. Archbold suka fitar da doguwar maƙalarsu kan yanayin Najeriya da maƙwabtanta a 1945, wadda masu bincike ke ambata har gobe.

Darasin da muka gada daga wancan zamani, idan kana son sanin hazon Kano, ka sa kunne Faya-Largeau a arewacin Cadi, tazarar kimanin kilomita 1,300. Idan rahoton can ya nuna iska ta yi ƙarfi kuma ƙura ta tashi, to cikin kwana ɗaya ko biyu ga ta nan a Maiduguri da Kano, sannan ta hauro mana Filato. Tushen ƙurar kwarin Bodele ne, busasshen gindin tsohon Tafkin Cadi na dubban shekaru da suka wuce. Iska tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi farar ƙasar. Babu wuri ɗaya a duniya da ya kai shi tayar da ƙura, wani kasonta har dajin Amazon yake kaiwa.

Yadda suka auna iskar sama a lokacin, haka na tarar ana yi da na fara aiki. Za ka cika balan-balan da iskar haidurojin har ta ɗaga wani ɗan ƙarfe mai nauyi sananne, don ka san saurin hawanta. Ka sake ta, ka manna ido a madubin awo mai ƙafa uku, hannu biyu a kan maɓallan juyawa. Duk minti ɗaya abokin aikinka ya ce “karanta”, ka faɗi lambobi biyu, na tsaye da na kwance, ya rubuta. Da dare a ɗaura mata 'yar fitila. A hunturu, yatsu sun ƙage, hazo yakan haɗiye ta tun ba ta yi nisa ba. Da damina kuwa za ka ga ta fara tafiya arewa maso gabas da iskar teku, can sama sai ta yi kwana ta nufi yamma. Wannan kwanar ita ce iyakar iskar damina, kuma kaurin wannan iska mai laima shi ke gaya maka ko akwai abin da hadari zai ci.

Mu nan Filato yaƙin ta wata ƙofa ya shigo mana. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Birtaniya ta rasa kuzarta, aka riƙa kwaso talakawa daga lardunan Arewa aikin tilas a ramukan kuza har zuwa 1944. Mutanen ƙasar zafi, ba bargo ba isasshen abinci, aka zuba su a tudun da ya haura mita 1,200. Sanyi da cuta sun kashe da yawa, Allah ya jiƙansu.

TAMBAYA: Baba, ni dillalin dankali da kabeji ne. Idan tun 1944 an iya hango hadari a Turai, me ya sa har yau a ce za a yi ruwa a Jos, ya sauka Bukuru ya bar mu a bushe?
Daga kasuwar Farin Gada, Jos.

AMSA: Malam, tambayarka ita ce ta ɗaure wa masanan wancan yaƙi kai da aka turo su ƙasashen zafi. Sun zo da ilimin masanan yanayi na Bergen, wanda aka gina a kan karon iska mai sanyi da mai ɗumi. Hadarin Turai faɗinsa yakan kai kilomita 1,000, yana tafe baromita tana ba da labarinsa tun da kwana ɗaya ko biyu. A nan kuwa baromita kusan abu ɗaya take yi kullum: ta hau wajen ƙarfe goma na safe da goma na dare, ta sauka wajen huɗu na yamma da huɗu na asuba. Da suka ga littafinsu bai ci ba, Jami'ar Shikago ta buɗe cibiyar nazarin yanayin ƙasashen zafi a Puerto Rico a 1943, inda irin su Herbert Riehl suka koma bin tafiyar iska maimakon matsinta.

Ga yadda namu yake. Iska biyu ce ke ja-in-ja a kanmu, busasshiya daga Sahara da mai laima daga tekun Gini. Layin da suke haɗuwa yana hawa arewa daga bazara, ya kai cikin hamada a Agusta, ya dawo kudu da kaka. Ruwa ba a kan layin yake sauka ba, sai ɗaruruwan kilomita a kudancinsa, inda iskar teku ta yi kauri. Can sama kuma, wajen kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ce ke tura hadarinmu, shi ya sa kake ganinsa yana haɗowa daga gabas. A cikinta akwai lanƙwasa da ke wucewa duk kwana uku zuwa biyar, kuma galibin manyan guguwar da ke addabar Amurka daga irin wannan lanƙwasa suke farawa. Don a fahimce su ne aka yi gagarumin bincike daga Dakar a 1974, da jiragen ruwa kusan 40 da jiragen sama 13.

Filato kuwa yana cikin wuraren da hadari ke haihuwa, tare da duwatsun Kamaru da na Azbin da na Darfur. Rana ta gasa duwatsun Shere, iska mai laima ta hau gangare, zuwa azahar girgije ya miƙe. A farkon rayuwarsa faɗinsa bai wuce kilomita goma ko ashirin ba, daidai abin da zai jiƙa Bukuru ya bar Farin Gada. Idan ya yi ƙarfi ya haɗa layi da 'yan'uwansa, sai ya nufi yamma da gudun kimanin kilomita 50 a awa, ya isa Abuja da daddare. Mutumin Abuja ya fi ka samun gargaɗi, domin hadarin da zai same shi an riga an gan shi a tauraron ɗan'adam. Naka a kanka yake ƙulluwa.

Akwai kuma iyakar da ba namu ne kaɗai ba. Edward Lorenz, wanda ya yi wa sojan saman Amurka hasashe a tekun Fasifik lokacin yaƙin, ya gano a 1961 cewa da ya taƙaita lamba 0.506127 zuwa 0.506 a kwamfutarsa, hasashen ya kauce gaba ɗaya bayan wani lokaci. Ƙaramin kuskuren awo girma yake yi, shi ya sa hasashen rana takamaimai ba ya wuce kimanin mako biyu. Shawarata, idan an ce akwai yiwuwar ruwa a Jos da kewaye, ka rufe lodinka da tamfal ko da rana ake yi. Don shirin shuka da saye kuma, ka nemi hasashen damina da NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, ke fitarwa a farkon kowace shekara, ana fassara shi da Hausa.

TAMBAYA: Baba, ɗalibaina suna tambaya ko hasashen yanayi shiga gaibu ne.
Daga wata malamar Islamiyya, Rikkos, Jos.

AMSA: Malama, fatawa ta malamai ce, ni abin da muke yi zan faɗa miki. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta tabbatar cewa Allah ne ke saukar da ruwa, kuma hadisi ya yi hani ga mai cewa tauraro kaza ne ya ba mu ruwa. Mu ba ma danganta ruwa ga kowa sai Shi, ba ma kuma cewa tabbas. Abin da muke yi bai wuce abin da uwar gida ke yi ba idan ta ga gabas ta yi baƙi, iska ta canza, ta ce yara su kwashe shanya. Ta ga alama ce da ta saba gani, wani lokaci a yi ruwan, wani lokaci hadarin ya watse. Bambancin kawai namu idon ya fi nisa, saboda ma'aunai da rahoton garuruwan da ke gabas da mu. Shi ya sa za ki ji muna cewa “ana sa ran” ko “akwai yiwuwar”.

TAMBAYA: Baba, ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga abin da makami ke yi wa jikin mutum. Idan hasashe ya yi daidai a yaƙi, ai bom ne ya sauka daidai. Wannan bai dame ku ba?
Daga Bukuru.

AMSA: 'Yata, yana damuna, kuma mu mutanen Jos ba sai an yi mana bayanin zubar da jini ba. Ranar 6 ga Agusta 1945, jirgin leƙen yanayi ne ya riga zuwa Hiroshima, ya aiko cewa sarari a buɗe yake. Bayan kwana uku, garin Kokura aka nufa da bom na biyu, gajimare da hayaƙi suka rufe shi, aka juya zuwa Nagasaki. Daga 1967 zuwa 1972 Amurka ta riƙa barbaɗa sinadari a gajimare a yaƙin Biyetnam don ruwa ya lalata hanyoyin abokan gaba, abin da ya kai ga yarjejeniyar duniya ta 1977 da ta haramta mayar da yanayi makami. Duk wannan a cikin tarihin sana'ata yake, ba zan share shi ba.

Amma a cikinsa akwai Lewis Fry Richardson, Baturen Ingila, ɗan ɗariƙar Kiristoci ta Kwaika da ba ta yarda da ɗaukar makami ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya motar ɗaukar majinyata ya tuƙa a Faransa, kusan irin aikinki. A tsakanin kwasar raunana ya zauna da fensir yana gwada abin da ba a taɓa yi ba, wato fitar da hasashe da lissafi zalla. Hasashen awa shida ya ci masa kimanin mako shida, amsar kuma ta fito ba daidai ba, ta nuna matsin iska zai canza da miliba 145 a ma'aunin baromita, abin da ba ya faruwa. Duk da haka ya buga aikin a 1922 yadda yake, har ya ƙiyasta cewa sai an tara masu lissafi 64,000 kafin a riƙa cim ma yanayin duniya. A 1920, da aka mayar da hukumar yanayi ƙarƙashin ma'aikatar sojan sama, ya ajiye aikinsa. Da ya ga masu haɗa iskar guba suna sha'awar bincikensa kan yadda iska ke watsa hayaƙi, ya bar fannin, ya ƙarasa rayuwarsa yana nazarin abin da ke haddasa yaƙe-yaƙe. A 1950 Jule Charney da abokansa suka yi hasashen farko na kwamfuta a kan ENIAC, na'urar da aka ƙera don lissafin harsashin igwa. Hanyar Richardson ce, da gyara, kuma a kanta hasashen da ke cikin wayarki yake tafiya.

Lokacin yaƙin, Birtaniya ta hana karanta hasashen yanayi a rediyo don kada abokin gaba ya ji. Yau ƙasashen da ba sa ga-maciji da juna suna musayar awonsu kowace awa uku ta hanyar Hukumar Yanayi ta Duniya, wadda aka kafa a 1950. Wannan musayar ce nake ganin ya kamata mu tsare da dukan ƙarfinmu, domin da ita ake gargaɗin ambaliya, da ita alhazai ke sauka lafiya.

TAMBAYA: Baba, ina ajin ƙarshe a sakandare, ina son wannan aiki, amma ana ce mini na maza ne. Ta ina zan fara?
Daga wata ɗaliba, Kubwa, Abuja.

AMSA: Jikata, haka aka gaya wa Joanne Simpson. Ta koyar da sojojin sama ilimin yanayi lokacin yaƙi, da aka gama aka so mata su koma gida, ta ƙi. A 1949 ta zama mace ta farko da ta samu digirin dakta a wannan fanni a Amurka, kuma ita da Riehl ne suka bayyana a 1958 yadda dogayen gizagizan ƙasashen zafi ke ɗaukar zafi daga ƙasa su kai shi can sama. Irin gizagizan da kike gani a bayan Dutsen Zuma ke nan. A gida kuma muna da Farfesa Godwin Obasi, ɗan Ogori a Jihar Kogi, wanda ya yi digirin dakta a jami'ar MIT ta Amurka a 1963, ya riƙe Hukumar Yanayi ta Duniya daga 1984 zuwa 2003, ya rasu a Abuja a 2007.

Ki riƙe lissafi da fiziks da kyau, ki koyi rubuta manhajar kwamfuta tun yanzu. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure tana da sashen yanayi, NiMet kuma tana da cibiyar horo a Oshodi, Legas.

Ki kuma san cewa aikin ba ya barci. Agogon duniya muke bi, saboda haka akwai awon ƙarfe ɗaya na dare, da na huɗu, da na bakwai. Za ki ɗauki tocila ki ratsa raɓa zuwa farin akwatin nan mai tagogin katako, ki buɗe, ki karanta busasshen ma'aunin zafi da mai jiƙaƙƙen ƙyalle da sauri kafin ɗumin jikinki ya taɓa su, ki duba ko ruwan 'yar kwalbar ya ƙafe. Ki ɗaga kai ki raba sama kashi takwas, ki ƙiyasta nawa gajimare ya rufe. Ko inda aka sa na'ura mai aikawa da kanta, sai an samu mai duba ta. Babban laifi a sana'ar nan shi ne mutum ya ji sanyi ya zauna a ɗaki ya rubuta lamba daga kansa. Wannan lambar cikin mintuna za ta shiga kwamfutocin duniya, wani matuƙi ya dogara da ita.

Ki roƙi malamin kimiyyarku ya rubuta wa NiMet takardar neman ziyara, hedikwatarta tana nan kusa da filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Ranar 23 ga Maris ce ranar yanayi ta duniya, lokaci mai kyau na irin wannan ziyara. Idan kun je, ki nemi a kai ku filin ma'aunai, a bar ki ki karanta da kanki, sannan ki rubuto mini lambobin da kika samu.